Mutumin da Ya Tone Furen Kan Iyaka

Akwai wani mutum mai lambu a bayan gari, wanda ya daɗe yana jayayya da maƙwabcinsa a kan iyaka. Da dattawan ikilisiya suka sulhunta su, sai maƙwabcin ya kawo masa rassan wani fure, ya ce, "Ɗan'uwa, dasa waɗannan a kan iyakarmu. Ganyensu ba ya kaɗewa, rani da damina."

Mutumin ya ja igiya, ya dasa su a jere, ya zuba musu takin awaki, ya yi ta ba su ruwa har suka kama.

Da rani ya tsananta, rijiyar lambun ta ja baya. Alayyafo ya ƙone, tumatir ya bushe, amma furen yana nan kore shar da jajayen furanninsa. Mutumin ya tsaya yana dubansa, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce wa matarsa, "Wane irin tsiro ne ba ya jin rana? Mutumin nan ya binne mini wani abu a ƙarƙashinsa."

Matar ta ce, "Maigida, ai da hannunka ka haƙa ramukan. Ko kai ka binne wa kanka?"

Ya ce, "Ya san ranar da nake zuwa kasuwa in bar lambun ba kowa."

Kashegari ya ɗauki diga, ya bi jerin yana tonewa. Bai sami laya ba, bai sami ƙaho ba. Abin da ya samu doguwar saiwa ce wadda ta nutsa har inda ƙasa take da laima, ga shi kuwa ya datse ta. Maƙwabcin yana tsaye a nasa gefen, ya ce, "Me kake nema, ɗan'uwa?" Mutumin ya yi sauri ya mai da tsire-tsiren cikin ramuka, amma duk suka yanƙwane. Maƙwabcin kuwa ya sare ƙaya, ya yi shinge.

Ma'anar wannan misali ita ce: furen shi ne salamar da Ubangiji yake dasawa tsakaninka da ɗan'uwanka. Saiwar ita ce gafara, wadda take aiki inda ido ba ya gani. Diga kuwa zato ne. 'Ya'yana, na ga mutane da yawa waɗanda in an yi musu mugunta sukan jure, amma in an yi musu alheri sai su tambaya, "Me yake nufi?" Ku kula. Wanda ya tone alherin ɗan'uwansa don ya tabbatar da shi, zai tarar na gaskiya ne, amma a hannunsa zai mutu.