Sarkin da Ba Ya Mayar da Akushi

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai yalwa, wanda ba abin da yake gudu kamar a ce ya yi son kai. A garin nan kuwa al'ada ce kowane mai sarauta ya aiko da akushi fada, kuma gidan da aka mayar wa da nasa ba a taɓa ba, to an kunyata shi ke nan. Saboda haka in sarki ya ci tuwon Galadima sai ya ci dambun Waziri, in ya taɓa alkakin Madaki dole ya taɓa nakiyar Ma'aji. Haka yake bin akusan nan ɗaya bayan ɗaya, yana nishi, wai shi adalci yake yi.

Ana nan, jiki ya fara ƙi. Ƙishirwa ta addabe shi, ƙafafu suka kumbura, ko tashi daga karaga sai an kama shi. Sarki ya tsorata ƙwarai, don da haka mahaifinsa ya fara, har ciwo ya ci masa ƙafa, ya kai shi kabari.

Aka aika aka kira Malam Barmo, wani dattijo da ya shahara da sanin magani. Sarki ya miƙa hannu yana jiran ƙullin magani, sai malam ya ce, "Ya sarki, kafin magani, ƙara na kawo. Akwai wani bawa a gidan nan, kullum ana ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ya nemi ya ɗan taka waje, an ce girma ya hana. Ya yi kuka har ya kumbura, ba wanda ya saurare shi."

Sarki ya fusata, ya ce, "A gidana? Wane azzalumi ne ubangidansa? A kawo mini shi!"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kawo shi zai yi wuya, don sai an kama shi yake tashi. Bawan nan kuwa ba kowa ba ne, jikinka ne."

Sarki ya dubi ƙafafunsa, kunya ta rufe shi. Can ya ce, "To akusan fa? In na mayar, na kunyata mutanena."

Malam ya ce, "Ya sarki, girmamawa suke nema, ba cikinka ba. Ka kai musu ita da ƙafarka. Kowace safiya ka taka zuwa gida ɗaya ka gaishe su, akusa kuma a raba wa mabuƙata. Kai ka ci ɗan tuwon dawa da miyar ganye, ka yi sallama da zuma, ka kwanta da wuri."

Ranar farko fadawa suna ta cewa, "Taka sannu, zaki!" alhali zakin ba shi da wata tafiyar sai ta sannun. Da ƙyar ya kai ƙofar Waziri. Waziri kuwa don murna har ya manta da maganar dambu.

Kafin damina ta zagayo kumburi ya saɓe, ƙishirwa ta lafa, sarki yana tashi da kansa. Ya tara fadawa ya ce, "Ku shaida, adalcin da ya tsallake wanda ba shi da bakin kai ƙara bai cika adalci ba."