Wanne Ne Farantinka, Alhaji?

Akwai wata baiwar Allah a Nassarawa GRA mai suna Rahma, wadda kullum sai ranta ya ɓaci in ta zo kwashe kwanuka. Da kanta take zuwa kasuwar 'Yankaba ta zaɓo alayyahu da kabeji da karas, ta wanke, ta yanka, ta sha zafin wuta, amma rabinsu a bola suke ƙarewa.

Mijinta Alhaji Ashiru shi kaɗai yake cin abinci a falonsa. In ya gama, 'yarsu Yusra mai shekara bakwai ce ke ɗauko tiren, don ita ke da gatan cinye ragowar Abba. Ganye kuwa kullum yana tare a gefen faranti, an tsince shi tas kamar tsakuwa a cikin wake. Rahma ta yi magana har ta gaji, amsarsa ɗaya ce: shi ba akuya ba ne.

Ana nan sai Yusra ta fara rama, ga kasala, ga yawan jiri. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ya rubuta magani, ya kuma ja musu kunne cewa in ba ta riƙa cin ganye da wake da hanta ba, za su sake dawowa.

Tun a mota Alhaji ya rufe Rahma da faɗa. Wai me take yi a gidan? Wai duk cefanen da yake bayarwa, 'yarsa ta zauna da yunwa? Rahma ta haɗiye, amma zuciyarta tafasa take. Ni wannan hali na wasu mazan yana ƙona min rai, su ɓata abu da hannunsu, sannan su fi kowa ɗaga murya.

Washegari Rahma ta yi dafa-duka da alayyahu. Alhaji ya ci nasa a falo, ya fito ya tarar Yusra ta ture ganyenta gefe. Nan take ya fizgo wayar caja, ya tsaya a kanta, ya ce ko ta cinye ko jikinta ya gaya mata. Yarinyar da jiya aka sallamo daga asibiti, ga ta hawaye na ɗiga cikin shinkafa.

A nan haƙurin Rahma ya ƙare. Ta shiga falonsa ta ɗauko farantinsa, ta dire shi kusa da na Yusra. Faranti iri ɗaya, tarin ganye iri ɗaya, har gefen da aka tura shi ɗaya.

Ta ce, "Alhaji, kafin ka dake ta, duba nan ka gaya min wanne ne naka."

Ya duba, ya sake dubawa, ya kasa bambance su.

Yusra ta ce cikin sheshsheƙa, "Abba, ni na zaci manya ba sa ci. So nake in zama irinka."

Wayar ta suɓuce daga hannunsa. Kunya ta kama shi, ya zauna a ƙasa kusa da 'yarsa, ya jawo faranti ɗaya ba tare da ya san ko nasa ba ne. Ya ɗebi alayyahun ya kai baki yana yamutsa fuska. Yusra ta zuba masa ido har ya haɗiye, sannan ta share hawaye ta jawo ɗayan.

Rahma ba ta huce a ranar ba, sai da ya ba ta haƙuri a gaban yarinyar. Daga nan aka daina kai tire falo, Alhaji ya koma cin abinci tare da su.

Darasi: Yaro ba ya cin abin da ka umarce shi, abin da ya ga kana ci shi yake ci. Kafin ka ɗaga wa ɗanka hannu a kan ganye, fara duba gefen farantinka. Ku tura wa iyayen da kuka sani, musamman iyaye maza masu tsince kabeji.