Wanda Ya Tsaya Wa Marigayi

"Falon nan nawa ne, Goggo. Ki ɗauki ɗakin baya."

"Ɗakin baya? Ni da na goya marigayin har bayana ya karkace? Kai a lokacin majina kake sha."

"Bisa tsari dai..."

"Tsarin gidanku."

Goggo ta manta gidansu ɗaya.

Jama'a, ga tushen rigimar. Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da Allah ya yi wa rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da ɗan madaidaicin gida mai baranda. Hawaye bai gama bushewa ba wansa ya iso. Ciyaman ake ce masa, don ko buta za a saya a dangi sai ya shugabanci zaman. Ba ya magana sai ya gyara murya, ehem-ehem, ya ɗaga yatsa. Goggo, ƙanwar mahaifinsu, ta biyo shi da jakar kayanta.

Matar marigayin tela ce. Tana tsaye a ƙofar kicin, ƙaramar 'yarta riƙe da gefen zaninta. Ciyaman ya riga ya karɓe makullin ƙofar gida, ya ce ta fara haɗa kaya ta koma wajen iyayenta.

"Yaya, akwai maganar da nake so ka ji," in ji ta.

"Manya na magana."



Ana cikin haka aka yi sallama. Ma'aikacin banki ne, da jaka a hammata. Ya zauna, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce da bashin banki aka sayi gidan, gidan kuma shi ne jingina. Ba a daɗe da saye ba, kusan duk bashin na nan.

Yatsan Ciyaman ya tsaya a sama, ya manta bai sauke ba.

"Bashi?" in ji Goggo, murya ta siranta. "Har da falon?"

"Har da falon, Hajiya."

Ta jawo jakarta kusa. "Ni fa, ɗan nan, in za a bi gaskiya, goyon da na yi masa na yini ɗaya ne. Uwarsa ce ta je kasuwa."

"Kwantar da hankalinki. Ba ma bin mutum don kawai ɗan'uwan mamaci ne. Bashin yana kan gidan da abin da marigayi ya bari."

Goggo ta sauke ajiyar zuciya, amma ba ta saki jakar ba.

Ciyaman kuwa sai rai ya dawo masa. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ehem-ehem. Abin da nake shirin faɗa ke nan. Ni na san tsari. Ranar da aka yi maganar gidan nan ma ni na raka shi bankinku. Wai abokinsa zai sa masa hannu. Na ce ina raye? A danginmu ba a sa hannu sai nawa."

Ma'aikacin ya ƙura masa ido.

"Tun da na shigo nake cewa na san fuskar nan. Yallaɓai, ai dama kai nake nema. Bayan mai bashi, mutum ɗaya muke bi, wanda ya tsaya masa. Shi ya yi alkawari in biya ya yanke, zai biya."

Ƙafar Ciyaman ta zame daga kan 'yar'uwarta.

"Ni? Ni shaida na yi."

"A'a. Ni na miƙa maka biro. Na fara karanta maka sharuɗɗan, ka ce kai ba a karanta maka takarda, kai ke karanta wa mutane."

"Innalillahi," in ji Goggo, ta dafe ƙirji, ta matsa nesa da shi kamar bashin na tsalle.

"To... to a sayar da gidan," in ji Ciyaman.

"Ko an sayar, da ruwan da ya hau da kuɗin shari'a, da wuya ya rufe. Ragowar a kanka za ta dawo."

Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya buɗe baki don ehem-ehem, tari na gaske ya fito.

Sai matar marigayin ta tako cikin falon.

"Maganar da nake so ka ji ke nan, Yaya. Tun da ciwo ya kwantar da shi, ni nake biyan na wata-wata da ɗinkina. Kekena a gidan nan yake, masu kawo ɗinki nan suka sani. In na tashi, ba ni da abin biya."

"Haka ne," in ji ma'aikacin. "Muddin biya na shigowa, ba ruwanmu da gidan, ba ruwanmu da wanda ya tsaya."

"Wa ma ya ce ta tashi?" in ji Goggo. "Ni gaisuwa na zo. Jakar nan wanki ne."

Ciyaman ya laluba aljihu. Ya miƙa makullin da hannu biyu.

"Ƙanwata, ki zauna a gidanki. In zare ya ƙare, ki faɗa mini. Ko allura ce ta karye, kira ni."

Ta karɓa, ta ce, "Na gode, Yaya."

Ciyaman ya kai bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, sai ya juyo wajen ma'aikacin.

"Amma malam, ka ce na tsaya masa. Ka tuna da kyau. Ranar nan a zaune na sa hannu."



Darasi: Jini ɗaya ba ya ɗora maka bashin mamaci, sa hannunka ne ke ɗorawa. Kada girman kai ya hana ka jin abin da takarda ta ce, kuma kafin ka kori marayu don gado, tambayi wa ke riƙe da rufin. Ku tura wa Ciyaman ɗin danginku, kowane gida akwai shi.