Suwaibatu da Turaku Masu Jan Ƙyalle

Ke dai bakinki ba ya hutawa. An ce miki kada ki taɓa igiyar kanofin da aka kafa a tsakar gida saboda sunan gobe, sai ki ce don me. A zamaninmu yaro ba ya tambayar don me a kan abin da babba ya hana. To tunda kin tono, zauna. Ku ma ku matso, kuma duk wanda ya katse ni zai sha ranƙwashi. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faru a unguwar Bukan Sidi ba a takarda na ji shi ba.

Akwai wata mata da ake kira Suwaibatu, mai sayar da agushi. Da kaka take bin kasuwar Doma da ta Agyaragu tana saye buhu-buhu, ta jibge a sitonta na cikin gida, sai damina ta kama ya yi daraja sannan ta fitar. Mace ce mai ƙwazo, mudunta cikakke, ba ta cin haƙƙin kowa. Aibinta guda ne, zargi. In ka gaishe ta da fara'a, ta ce me kake nema. In ka wuce ba ka gaishe ta ba, ta ce an zuga ka. In kazar maƙwabta ta shigo gidanta, sai ta kama ta ta duba ƙafafunta ko an ɗaura wani abu.

Wadda ta fi shan wannan zargi ita ce Ngodoo, maƙwabciyarta ta bayan katanga, 'yar ƙabilar Tibi, ita ma mai agushi ce, layinsu ɗaya a kasuwa. Duk shekara in sabuwar doya ta fito, Ngodoo za ta aiko mata da manya guda uku. Suwaibatu ta karɓa da godiya, ta jira mai kawowa ya fita, ta sassara ta zuba wa awaki.

A shekarar 2003, makon bikin Ista na Kirista, kwanon siton nan ya gama ruɓewa, kana ciki kana hango rana ta ƙofofin tsatsa. Kafinta ya duba ya ce aikin kwana uku ne, amma sai an kwashe komai, don rufin gaba ɗaya zai yaye. A ciki kuwa akwai buhu talatin da biyu, duk abin da ta mallaka ke nan. Ɗakunanta ƙanana ne, ba su ɗaukar ko rabi. Kuma ku sani, agushi ba ya shiri da ruwa. In ya jiƙe cikin buhu, kwana biyu ya ɗauki zafi, ya yi baƙi, ya yi fumfuna, ko kyauta ba mai karɓa.

Tana tsaye tana wannan tunani sai Ngodoo ta leƙo ta kan katanga.

"Maman Aminat, ki ɗauko kanofi mana. Ƙanin maigidana, Aondowase, yana ba da haya a hanyar Makurɗi. Ki ce ni na turo ki."

Suwaibatu ta ce, "To, na gode." A ranta kuwa cewa ta yi, me ya sa take so ƙanin mijinta ya san cikin gidana?

Sai da ta zaga wuri uku. Ko'ina an kwashe, coci-coci da masu biki sun riga ta. Dole ta sa ta nufi wurin Aondowase.

Guda biyu suka rage masa. Ɗaya fari tas, da geza ruwan ɗorawa a gefe, ƙafafunsa sirara kamar kara. Ɗayan kore ne, tsoho, tamfol mai kauri da faci biyu, ƙarafansa sai mutum biyu sun kama.

Aondowase ya ce, "Mama, mutane za su zauna ne, ko kaya za a sa?"

"Ina ruwanka da abin da zan sa?"

"Dole in tambaya, Mama. In mutane ne, ruwa ya zo za su gudu. Buhu ba ya gudu."

Da ƙyar ta ce agushi ne. Ya dafa koren.

"To wannan za ki ɗauka. Farin na biki ne, na hoto. Iska ya zo, ba ya da nauyi."

Suwaibatu ta dubi facin, ta dubi fuskarsa. Ta ce a ranta, wato mai kyan ya ajiye wa masu mota, ni ya ga tsohuwa zai liƙa mini tsumma. Ta ce, "Farin nake so. In ba ka bayarwa ka faɗa."

Ya ɗaga kafaɗa. "Shi ke nan. Amma ni zan kafa da hannuna, kuma yadda na bar shi, a bar shi haka."

Da la'asar ya iso da kayan a bayan akori-kura. Ita tana bakin madafa, tana tsintar wake, idonta na kansa. Abu na farko, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai sama, ya ce, "Mama, ina ne gabas a gidan nan?"

Ta nuna masa da haɓa.

Ya shimfiɗa katakai, shi da kafinta suka jera buhunan a kai. Ya ɗaga rumfar, sai ya rage tsawon ƙafafu biyu na gabas har ta duƙa ta wannan gefe kamar mai ruku'u. Sannan ya buɗe wani tsohon buhu ya fito da turakun ƙarfe huɗu, kowanne an ɗaura masa jan ƙyalle a ka. Ya je kusurwa ta farko, ya tsiyaya ruwa a ƙasa daga buta, ya jira ya tsume, ya kafa turken yana bugawa da guduma, bakinsa yana motsi ƙasa-ƙasa da yarensu. Haka ya yi a kusurwa huɗu. Ya ja igiyoyi ya ɗaure tamau.

Da ta buɗe baki ta ce, ɗana, wannan na mene ne, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma mai zargi ba ya tambaya, don yana ganin ya riga ya san amsa.

Da zai tafi ya ce, "Mama, kada kowa ya taɓa igiya. Kwana uku zan dawo."

Bai gama fita ba Ngodoo ta leƙo. "Ya kafa da kyau, ko? Yaron ya iya aikinsa." Ta yi dariya ta sauka.

Dariyar nan ta tsaya wa Suwaibatu a rai. Ta zauna tana jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi gabas. Ya zuba ruwa a ƙasa. Ga jan ƙyalle. Ga surutu da yaren da ba ta ji. Ga kusurwa huɗu, an zagaye dukiyarta an sa ta a tsakiya. Kuma an ce kada a taɓa. Wa ya turo shi? Mai sayar da abin da take sayarwa.

Washegari ta fita kasuwa da ɗan abin da ke cikin ƙwarya. Wata mata da ta saba saye a wurinta ta zo, ta gaishe ta, ta wuce ta tsaya gaban Ngodoo. Ƙila farashi ta je ji, ƙila gaisuwar Ista ce. Suwaibatu ba ta jira ta gani ba. Ta rufe ƙwaryarta ta kama hanyar gida tun azahar ba ta yi ba.

Ta ɗauko fartanya. Ta sa hannunta cikin leda don kada fatarta ta taɓa ƙarfen, ta kwance igiyoyin, ta haƙa ta tuge turakun ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi rumfar a karkace, ta ce har gurguwa ya kafa mini don kasuwata ta gurgunce. Ta jawo bulo biyu ta cusa ƙarƙashin ƙafafun gabas, rumfa ta miƙe sambal.

Kafinta yana saman sito, ya gama yaye kwanon. Ya ce, "Hajiya, ai da kin bar su yadda ya kafa."

Ta ɗaga kai. "Kai ma da kai aka shirya?"

Ya ci gaba da cire ƙusa.

Ta naɗe turakun cikin tsohon zane, ta hau okada zuwa can cikin gari wurin Malam Modu, dattijon da ya karantar da marigayi mijinta. Ranar zafi ne mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Ta tarar da shi a gindin mangwaro a ƙofar gida.

"Allah gafarta Malam, an yi mini aiki. Ga shi na tono."

Ta buɗe zanen da gefen takalminta. Malam ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, ya juya shi.

"Suwaibatu, wannan ai rodi ne, irin na gini. An yanka an lanƙwasa kansa."

"Jan ƙyallen fa?"

"Don kada mutum ya yi tuntuɓe da shi. Ranar Mauludi masu kanofin masallacinmu ma haka suka ɗaura."

"Ya zuba ruwa a ƙasa, Malam. A kan idona."

"Ƙasar rani ce. In bai jiƙa ta ba, da me ƙarfen zai shiga?"

"To ya tambaye ni gabas. Me ya haɗa mai rumfa da gabas?"

Malam ya juya ya dubi gabas ɗin ta saman mangwaro. Ita ma ta duba. Sama ta yi baƙi ƙirin daga can ƙasa, hadari yana tasowa.

Ya ce, "Me aka ɗaure da su?"

"Rumfar da agushina ke ƙarƙashi."

"Tashi, Suwaibatu. Ba rubutu kike buƙata yanzu ba, mashin kike buƙata."

Ba ta samu mashin ba. Kun san ruwan farko, iska ce ke riga shi isowa, kuma daga gabas take zuwa. Kafin ta kai bakin titi, ledoji da kwanukan talla suna tashi sama, 'yan okada duk sun fake a rumfunan shaguna. Ta tattare zane ta kama gudu, mace mai jikoki, ƙunshin turaku a hammata, ruwa yana dukanta.

Da ta shiga gida ba ta ga rumfa ba. Iska ta shiga ta gefen da ta ɗaga da bulo, ta tarar ba turke ba igiya, ta ɗauke farin kanofin nan da gezarsa ta tsallakar da shi katanga, ta rataye a kan bishiyar lemun Ngodoo, ƙafafunsa a murɗe. Sito ba rufi. Buhuna a fili, ruwa yana zuba a kansu kamar da bakin ƙwarya.

A tsakiyar ruwan kuwa ga Ngodoo, ba ɗankwali, ita da kafinta sun kama buhu suna ja. Tana ganinta ta ce, "Maman Aminat, kama nan. Falona muke kaiwa, na ɗage kujeru."

Goma sha ɗaya suka tsirar. Sauran sun sha ruwa har ciki. Aka kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Matan unguwa suka kawo tabarmi da manyan ledoji aka baza, aka yi ta juyawa, amma mafi yawa ya yi baƙi, wari ya cika gidan. A baro aka kwashe shi zuwa juji.

Ran da Aondowase ya dawo, ya sauko da ƙarafansa daga kan lemu, ya shigo ya tsaya yana kallon ramuka huɗu da bulo biyu.

"Mama, wa ya cire?"

Suwaibatu ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙunshin ta ajiye a gabansa. Kanta a ƙasa ta ce, "Me kake faɗa lokacin da kake bugawa?"

Ya dube ta, sai ya gane. Bai ɗaga murya ba. "Waƙar coci ne, Mama. In ina aiki haka nake yi, don kada in ji gajiya. Na sauke gefen gabas don iska ya bi ta sama, ruwa kuma ya gangara. Da kin tambaye ni, minti ɗaya ne."

Bayan ya tafi, ta zagaya gidan Ngodoo, karo na farko da ta shiga falon nan ba da buhu a hannu ba, ta tarar da buhunanta a jere a bushe, an lulluɓe su da zanen gado. Ta buɗe baki za ta yi magana, Ngodoo ta riga ta.

"Ki bari kawai. Na daɗe da sani. Awakinki sun fi na kowa ƙiba a layin nan, kuma ni na san doyar wa suke ci."

Daga wannan shekara Suwaibatu ba ta ƙara sayen buhu talatin ba. Ta koma awon mudu a ƙofar gida, kuma a haka ta tsufa. Amma da sabuwar doya ta fito, Ngodoo ta aiko mata kamar kullum, da kanta ta fere, ta daka sakwara, ta ci har ta suɗe hannu.

To ga abin da za ku riƙe. In za ku ɗauki rumfa, ku faɗa wa mai ita gaskiyar abin da za ta rufe, ku zaɓi mai nauyi, ba mai geza ba. In ya kafa turke, ya ja igiya, ya karkata ta, yana da dalili, ku bar ta yadda ya bari. In kun ga abin da ba ku gane ba a hannun mai sana'a, ku tambaye shi a gabansa, kada ku koma ɗaki ku ƙulla masa sharri a zuci. Ba wanda ya cuci Suwaibatu, da fartanyarta da hannunta ta tone dukiyarta, kuma wadda take zargi ita ta shiga ruwa dominta. Yanzu kin ji don me. Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta, gobe da aiki, kuma duk wanda zai bi ta tsakar gida ya zagaye igiyar nan.