Rijiyar Goya-gari

Tun zamanin da giwa ke kiwo a dajin Gwarmai, wani maharbi, Tunau na Arzika, sha-dafi mai kwana da baka, ya hau dutsen nan da alfadararsa guda. 'Yan gudun yaƙi suka tarar da shi, ya ba su wuri. Bisa dutse akwai tsaro, amma babu ruwa ko na wanke ido. Doki ya gwada hawa da kaya ya kasa. Alfadarar nan ce ta riƙa hauro da salka huɗu daga rafi, sau bakwai a yini, shekara goma sha tara. Har kirari mata ke yi mata: ta Tunau, ba ki haifa ba, kin goya gari.

To, ɗan Adam ke nan. Da gari ya yi ƙiba aka sayi dawakai, sai suka fara jin kunyar a ce da su mutanen alfadara. Mai gari Nomau ya sa aka haƙa tafki a gindin dutse, damina ta cika shi. Aka jawo tsohuwar alfadarar don ta sha, ta sansana, ta kau da kai.

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da dabbar nan ta ƙi, kada ɗan mutum ya sha."

Nomau ya ce, "Baba Tunau, 'yar jaki ce za ta zaɓa mana ruwa?"

Suka rufe ta da duka, ƙartin da ta shayar tun suna zanin goyo. Tir da wannan hali. Suka kora ta fako da karyayyar ƙafa, kwana uku ta mutu, Tunau na zaune a kanta yana korar ungulaye. Ya rantse ba za su ci ta ba. Ya kama haƙa mata kabari shi kaɗai, da ya kai gaba biyu sai ruwa ya ɓulɓulo, garau. Ya binne ta a gefe, ya kafa bukka, bai sake hawa dutse ba.

Shekara na zagayowa kurkunu ya fashe a gari. Kowace ƙafa da farin zarenta ana naɗewa a tsinke, ga ruɓa, ga ƙuda, gonaki suka koma saura. Nomau da kansa ya zo da jan gindi yana roƙon ruwa.

Tunau ya ce, "Ku sha, ba nawa ba ne. Amma wanda zai ɗiba ya ɗauka a bayansa, ya ji abin da ta ji."

Har gobe ba a ɗora wa dabba ruwan Rijiyar Goya-gari, ko mai gari ne a gadon bayansa yake hauro da salkar farko ta shekara. Yanzu kuwa sun zana alfadara a ƙofar gari suna nuna wa baƙi, har da bugun ƙirji. Ka tambaye su wa ya karya mata ƙafa, ka ga yadda ake sunkuyar da kai.