Zanen Malam Yari a Durowar Kimiyya

Isma'ila ɗan unguwar Kwarbai yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma girman kai ya yi masa katutu. Mahaifinsa, Malam Yari, shi ke zana wa masu ɗinkin hannu aska takwas da tambari a jikin riga, kafin idonsa ya mutu. Shi kuwa Isma'ila, tunda ya samu aikin kwamfuta a shekarar 1996, ba ya son a ce da shi ɗan mai zane.

Duk da haka ya yi abin kirki guda. Ya kwashe zanen tsohon kaf ya sa a kwamfuta, ya haɗa manhajar da ke fitar da su a takarda. Tsofaffin takardun kuwa gara ta cinye su daga baya.

A unguwar Tukur-Tukur akwai wata ƙungiyar masu kwamfuta da ke tara manhajoji a faifan filofi. Kowane rukuni da durowarsa, mai so ya zo ya kwafa. Faifai na da wuyar samu, don haka duk wanda ya shekara ba a kwafa ba, goge shi ake yi a ɗora wani abin. Da Isma'ila ya kai tasa manhajar, mai kula da ma'ajiyar, Malam Ja'afaru, ya tambaye shi, "A wace durowa za a sa?"

"Lissafi da Kimiyya."

"Isma'ila, wannan ai na Zane da Sana'a ne. Mai neman zanen riga ba zai leƙa Kimiyya ba."

"Malam, wata shida na yi ina lissafi a kai. Ba za a haɗa ni da teloli ba."

Malam Ja'afaru ya rubuta yadda ya ce.

Bayan shekara da wata biyu, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar Isma'ila da duk abin da ke cikinta. A makon nan Malam Yari ya ce masa, "Fitar wa Lawal tela tambarina, in shafa rigar ko da ban gani ba." Isma'ila ya san kwafi ɗaya ya rage a duniya, ya kuma san dokar ma'ajiya. Ya hau keke sai Tukur-Tukur.

Ya jawo durowar Kimiyya, ya duba sau uku. Babu.

"Mun goge shi watan jiya," in ji Malam Ja'afaru. "Ko mutum ɗaya bai taɓa shi ba."

Isma'ila ya zauna a ƙasa, ya rasa da wane baki zai gaya wa tsoho makaho cewa aikin shekara arba'in ya tafi. Malam Ja'afaru ya bar shi ya ɗan ji a jikinsa, sannan ya jawo durowar Zane da Sana'a.

"Ranar da ka kawo, na sa nawa faifan na kwafa, na ajiye nan. Mutum goma sha ɗaya suka ɗauka, har daga Kano."

Isma'ila ya karɓa, ya yi hamdala. A jikin faifan an rubuta: Zanen Malam Yari, Kwarbai. Ya ce, "Malam, a bar shi nan, da sunan nan."

Darasin shi ne, in za ka ajiye aikinka, ka ajiye shi inda mai buƙatarsa zai nema, ba inda kai za ka yi fice ba. Kuma kada ka ji kunyar sana'ar gidanku, don wurin da ka raina sau da yawa shi ke tsare maka abinka.