Salkar Kura da Tandun Man Shanu

An yi wata Kura da tsufa ya kama, haƙora sun soma girgiɗa, ɗingishin ƙafar baya ya ƙaru. Duk abin da ake faɗa a kan kura ta aikata shi a ƙuruciyarta, ba ta kuma musu. Amma da ta ga sa'o'inta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai tsoron Allah ya shige ta. Buri ɗaya ya rage mata: ta taka da ƙafarta har Makka, ta nemi gafara kafin ta kwanta dama.

A shekarar nan Raƙumi ne madugun masu tafiya gabas a ƙasa. Ya san hanya kamar yunwar cikinsa, sai dai ga saurin fushi. A cikin ayarin akwai Bushiya, maƙwabciyar Kura, 'yar ƙarama mai tsinin baki, wadda ba ta ganin abu ta yi shiru.

Ranar kasuwa suka fita sayen kayan tafiya. Raƙumi ya ce, "Kowa ya nemi takalmin fade mai kauri, da sanda, da malafa. Amma ku sani, ran matafiyi yana cikin salkar ruwansa. Wanda ba shi da ta kirki ya koma gida tun yanzu."

Kura ta hangi wata ƙatuwar salka sabuwa dal, ja jawur, ta kai hannu.

"Yaya Kura, ajiye wannan," in ji Bushiya. "Sabuwar fata ce, ba ta ƙoshi da mai ba. Ɗauki waccan baƙar, ta sha hannu."

"Waccan mai faci ko'ina? Da ita zan je ɗakin Allah? Haba, Bushiya!"

"Ke kika sani. Amma sabuwa sai ana shafe ta da man shanu a kowane zango. In aka yi sake, rana ta busar da ita, ta tsage."

Da jin an ambaci man shanu, kunnuwan Kura suka miƙe. Ta sayi salkar, ta kuma zaɓi tandu mafi girma a kasuwar, aka cika mata shi da mai. Ta ce ai saboda salkar babba ce. Wataƙila har a ranta haka ta ɗauka.

Aka kama hanya. Maganar gaskiya, Kura ta yi ƙoƙari. In suka ratsa garken tumaki sai ta sunkuyar da kai tana istigfari, tumakin su bi ta da kallo baki buɗe. Fade ya yi mata kanta a ƙafa, ba ta ce uffan ba.

A kowane zango, bayan la'asar, kowa yakan zauna a inuwa ya duba ɗinkin salkarsa, ya shafe ta da mai, ya rataye ta a reshe, don ba a ajiye salka a kan yashi mai zafi. Kura ma haka take yi.

Sai dai guzurin ayari garin gero ne da ƙuli-ƙuli, abin da bai taɓa zama abincin kura ba. Wata rana da ta gama shafa, ga yunwa, sai ta lashe abin da ya rage a hannunta. Ta lumshe ido.

"Wannan ai ba sata ba ce," ta ce a ranta. "Nawa ne, ni na saya."

Kashegari ta lakuto ɗaya don salka, ɗaya don harshe. Ba a jima ba rabon harshe ya fi na salka. Daga baya ma sai ta riƙa lasar fatar da miyau don ta yi sheƙi, ta rataye ta tare da na sauran.

Bushiya ta dube ta rannan ta ce, "Yaya, me ya sa bakinki ya fi salkarki maiƙo?"

Kura ta zabura. "Wato ba za ku taɓa yarda na tuba ba ke nan? Tumaki nawa na wuce ban ko kalle su ba? Ni dai kura ce a wurinku har in mutu!" Sai hawaye shar-shar.

Tausayi ya kama Bushiya, ta ja bakinta ta yi shiru. Abin da ba ta taɓa yi ba ke nan, kuma da ma a ce ba ta fara ranar ba.

Bishiyoyi suka yi ta raguwa, rana ta yi ta ƙara zafi. A wani tafki Raƙumi ya ce kowa ya cika salkarsa, don ruwa na gaba yana da nisa.

Da rana ta take, Kura ta ji wani sanyi yana bin gadon bayanta. Har ta fara jin daɗinsa, sai ta tuna salka ce ke bayanta. Ta sauke salkar. Fatar ta bushe ƙamas, ta tsage a bakin ɗinki, ruwa na tsiyaya. Cikin ruɗewa ta kai baki don ta haɗe tsagar, haƙora suka ƙarasa aikin. Kafin a ce kwabo yashi ya shanye ruwan kaf.

Raƙumi ya juyo. "Ina tandunki?"

Ta miƙa masa. An suɗe shi tas, har ya fi wanki fita.

"Na rantse da ma na san za a rina!" Raƙumi ya fara kumfar baki. "Hali zanen dutse! Kin shanye abincin salkarki, yanzu ruwan wa za ki sha?"

"Madugu, ka gama?" in ji Bushiya. "Faɗa ba ya ɗinke salka. Nawa za ta sha." Ta kwance 'yar salkarta ta miƙa wa Kura. Kura ta kurɓa kaɗan, kunya ta hana ta ɗaga ido.

Da kurɓin wannan da kurɓin wancan suka kai wata rijiya a bakin hamada. Babu kasuwa a wurin, babu baduku, sai gidan wasu namun daji biyu, Gada da Barewa, masu tsaron rijiyar. Gaba kuwa yashi ne iya ganin ido.

Zuwa lokacin fushin Raƙumi ya huce. Ya durƙusa kusa da Kura ya ce, "Baiwar Allah, daga nan salkar kowa da ƙyar take kai mai ita. In na tafi da ke, ke da Bushiya duka zan binne. Ki jira fatake masu komawa yamma, ki bi su gida. Baɗi, in Allah ya kai mu, sai ki sake shiri."

Kura ta dubi ƙafafunta. Ta san babu wata baɗi a cikinsu.

Da asuba ayari ya ɗaura kaya. Bushiya ta zo sallama idanunta jawur, ta ce, "Laifina ne, Yaya. Na gani na yi shiru."

"Kin faɗa tun a kasuwa," in ji Kura. "In kin isa Madina, ki isar mini da gaisuwa wurin Ma'aiki. Ki ce Kura ta taso, ƙafa ce ta gaza…" Sai ta girgiza kai. "A'a. Kada ki yi mini ƙarya a can. Ki ce ta taso da gaske, kwaɗayi ya tare ta a hanya."

Ta hau kan tudu ta zauna, tana kallonsu har suka ɓace.

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba kullum yake zuwa da girman tunkiya ba, wani lokaci lasa ɗaya ce. Kayan da za su kai ka inda kake so suna da haƙƙi a kanka. In ka cinye rabonsu, za su yashe ka a inda babu mai gyara. Kuma in ka ga ɗan'uwanka yana cutar kansa, kada hawayensa su rufe maka baki.